Yarinya mai tsoron duhu: wane littafin ban tsoro za a saya mata cikin huɗun nan?

Bayan sallar isha'i Yaya ta kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Malam, 'yarka fa abin nata ya soma yawa." 'Yar farinta take nufi, shi ya sa ba ta kama suna ba, ni ma ba zan kama a nan ba. Shekararta 15, ta gama aji uku na ƙaramar sakandare a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ana shirin kai ta makarantar kwana. Da an yi magariba ba ta iya ratsa tsakar gida ta je bayan gida sai da rakiya. In aka aike ta ɗebo itace a bayan rumbu sai ta ja ƙaninta ɗan shekara bakwai, sai ka ce shi zai tare mata wani abu. Mujiya kuwa in ta yi kuka, to barci ya ƙare. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida, ita nata tsoron ya biyo ta har kan katifa.

Mun san inda aka kwaso shi. Akwai memori a wayar ɗan baffanta, cike da labaran nan da ake karantawa da murya, na matsafa da 'yan shan jini da gidajen da aljanu suka tare. A shagon caji ake tura su. Yaya so take a ƙwace. Na ce mata in an ƙwace memori, wa zai ƙwace abin da ya riga ya shiga kai? Ban da haka, yarinyar son labarin tsoron take yi, kamar yadda mu ma muka so shi muna yara. Bambancin kawai, mu a gindin kaka muka ji labarin Dodo, mu shida ko bakwai a tabarma ɗaya, kuma in an gama sai ta ce ƙurunƙus, ta rufe ƙofar labarin, kowa ya je ya kwanta. Ita kuwa ita kaɗai take ji, da abin kunne, cikin duhu, kashi bayan kashi, kuma mai karantawa da gangan yake yanke kowane kashi a inda gaba ke faɗuwa don a dawo gobe. Labari ne da ba shi da ƙurunƙus.

Don haka na ce zan nemo mata wani labarin tsoron, amma mai rufe ƙofarsa. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandaren karkara, na kuma san iyaye da malamai da yawa suna cikin irin wannan shawara, shi ya sa na ga gara in baje yadda na auna littattafan.

Irin adabin da nake magana a kai Turawa na ce masa Gotik. Sunan na salon ginin tsofaffin majami'u ne da fadojin Turai masu tsinin hasumiya, kuma wani Baturen Ingila, Horace Walpole, shi ya fara jingina shi ga ƙagaggen labari, da littafinsa The Castle of Otranto na 1764. Kayan miyarsa ba su da yawa: tsohon gida, laifin kakanni da ke bin jikoki, ɗakin da aka kulle aka ɓoye makulli, hazo, da dare. Ni adabin kango nake ce wa ɗalibaina, kuma ban taɓa buƙatar ƙarin bayani ba. Kowane gari yana da kangon da magada suka kasa rabawa har jemagu suka gaje shi, da tsamiyar da ba a bi ta gindinta da tsakar rana. Yaranmu sun san ƙasar nan tun kafin su iya baƙi.

Littattafai huɗu na ajiye a gabana: Dracula, Frankenstein, The Hound of the Baskervilles, da Coraline. Zan tona ƙarshen labaransu, domin da mai saye nake magana, ba da mai karatu ba. Wanda zai ba yaro magani ya kamata ya san abin da ke cikin kwalbar.

Dracula na fara cirewa, duk da shi ya fi suna. Bram Stoker, mutumin Ayalan, ya fitar da shi a 1897. Wani matashin lauya, Jonathan Harker, ya je Taransilbaniya, a ƙasar Romaniya ta yau, don kammala cinikin gida da wani basarake, sai ya tarar mai masaukin nasa ba ya fitowa a madubi, kuma da dare yana saukowa ta jikin katanga kai a ƙasa kamar ƙadangare. Basaraken ya taho Ingila a jirgin ruwa da akwatuna 50 na ƙasar garinsu, ya shiga shan jinin mutane. Babi huɗun farko, ban san rubutun tsoro da ya fi su ba. Kuma akwai darasi mai kyau a ciki: ba jarumi ɗaya ne ya ci nasara ba, taro ne, kuma matar Harker, Mina, ita ta tattara wasiƙu da littattafan ajiyar kowa ta buga su a tafireta ta jera su bisa kwanan wata, sai abin da kowa ke gani gutsure-gutsure ya fito fili.

To me ya sa na ƙi shi? Tsawo dai na farko: kalmomi kimanin 160,000, babi 27, da Turancin ƙarni na 19, har da mutanen da aka rubuta maganarsu da karin harshen garinsu, wanda ni kaina sai na maimaita. Na biyu, makaman yaƙin da ake yi da shi gicciye ne da gurasar ibadar coci da tafarnuwa, ga wurin da aka buɗe kabarin wata budurwa aka kafa mata turke a ƙirji. Ka ƙaddara yarinya tana ba babanta wannan labari a zaure. Amma babban dalilina na uku ne. A Landan, mai shan jini abin littafi ne. A nan kuwa zancen 'yan shan jini da maye mai kama kurwa zance ne mai rai, ana yin sa a bakin rijiya, kuma akwai tsofaffin mata da aka hana sakewa a garuruwansu saboda shi. Yarinyar da kanta ya cika da wannan, in ka ƙara mata Dracula, ba sabon labari ka ba ta ba, shaida ka kawo mata daga Turai cewa abin gaskiya ne. Ana maganin ƙaba kai na kumbura ke nan. A ajiye shi ga ɗan aji shida mai taurin zuciya, wanda ya san iyakar labari.

Frankenstein ya fi ba ni wahalar yankewa, don a cikin huɗun shi ne littafin da ya fi nauyi, kuma yarinya ce ta rubuta shi. Mary Shelley tana da shekara 18 ta soma shi, a 1816, a bakin tafkin Janeba da ke Siwizalan. Shekarar dutsen Tambora na Indunusiya bai daɗe da aman wuta ba, a 1815, tokarsa ta dagula yanayin duniya, Turai ta wuni cikin ruwa da sanyi a lokacin da ya kamata a yi zafi. Ita da abokan zamanta ruwa ya tsare su a gida, suka yi gasar rubuta labarin tsoro. Nata ya fito a 1818, ba ma sunanta a jiki. Duk ajin da na faɗa wa wannan, sai na ga 'yan mata sun gyara zama.

A gyara wani kuskure tukuna: Frankenstein ba sunan dodon ba ne, sunan wanda ya haɗa shi ne. Victor Frankenstein ɗalibi ne a jami'ar Ingolstadt ta Jamus. Ya shafe kusan shekara biyu yana harhaɗa jiki mai tsawon ƙafa takwas, daren da abin ya buɗe ido kuwa, sai ya dube shi ya ga muninsa, ya fice daga ɗakin da gudu. Duk masifar littafin daga gudun nan ta taso. Abin da aka haɗa ya fita duniya ba uwa ba uba ba suna. Ya ɓuya a jikin bukkar wasu talakawa, yana leƙensu ta wata kafa har ya koyi magana da karatu, da dare yana saro musu itace ya ajiye a ƙofa ba su san mai yi ba. Ranar da ya yi ƙarfin halin bayyana kansa, tsohon gidan makaho ne, ya saurare shi da mutunci. Masu ido suna dawowa sai ihu da sanda. Daga baya ya ceto wata yarinya daga ruwa, ladansa harsashi. Daga nan zuciyarsa ta juya, ya kashe ƙanin Victor, aka ɗora wa wata yarinya mai aiki a gidan, aka yanke mata hukuncin kisa, Victor yana zaune a kotu ya san gaskiya ya yi gum don kada a ce ya haukace.

Na taɓa karanta wa wani aji wurin makahon nan. Da na gama, wani yaro ya ce, "Malam, ai irin abin da muke yi wa mahaukacin kasuwa ne." Ban ƙara komai ba. Littafin da zai sa yaro ya ga kansa a cikin masu jifa ba ƙaramin littafi ba ne.

Sai dai fa ba labarin cin galaba a kan tsoro ba ne. Labarin mutumin da ya ƙi tsayawa ya dubi abin da yake tsoro ne, har abin ya cinye masa ƙani da amini da amarya, su biyun suka ƙare suna bin juna a kan ƙanƙarar ƙarshen arewacin duniya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan har maƙwabtan sheƙa sun jiƙe. Yarinyar da ba ta iya barci ba baƙin ciki take buƙata a ƙara mata ba. Ga kuma zancen mutum ya haɗa jiki ya motsa, wanda dole uba musulmi ya ɗaga gira. Amsar tana cikin littafin, domin shisshigin ne ya hallaka mai shi, amma sai da babba a kusa da zai nuna wa yaro hakan. Saboda haka na ce Frankenstein na aji ne, ko na ƙungiyar karatu mai malami, ga 'yan aji biyar da shida masu son musu. Kalmominsa kimanin 75,000 ne, Turancinsa kuma ya fi na sauran ukun tsauri, jimla ɗaya sai ta ci layi biyar.

Saura biyu, kuma a nan ne ainihin gardamar take.

The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle ne, likita ɗan Sukotilan, mai labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes. An buga shi kashi-kashi a mujallar Strand daga 1901 zuwa 1902. Wasu za su ce ai labarin bincike ne ba Gotik ba. A duba kayan miyar: tsohon gidan sarauta a tsakiyar dajin Dartmoor, kakan gidan da ya sace 'yar wani manomi, ta gudu ya bi ta da dare, aka tsinci gawarsa wani ƙaton baƙin kare na tsaye a kai, da imanin cewa karen na bin zuriyar har yau. Ga hazo, ga damba mai haɗiye doki da ransa, ga kukan mace cikin dare. Mai gidan na yanzu ya mutu a bakin lambunsa, fuska a firgice, ga sawun ƙaton kare a kusa. Magajinsa ya taso daga Kanada zai tare.

Abin da ya sa na so shi, yadda yake warware tsoro ne ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsefe kitso. Kukan macen dare, matar mai kula da gidan ce. Kyandir ɗin da ake ɗagawa a taga cikin dare, alama ce take sa a yi wa ƙaninta da ya tsere daga kurkuku, don a kai masa abinci. Mutumin da aka hango tsaye a kan dutse cikin farin wata, Holmes ne da kansa. Sai zancen takalmi, wanda a gare ni shi ne zuciyar littafin. A masaukinsa na Landan an sace wa magajin takalmi ƙafa ɗaya, sabo fil. Sai aka dawo da shi, aka ɗauki tsoho. Me ya sa? Sabon ba shi da warin mai shi. Wanda ke neman warin mutum kuwa, kare mai hanci yake son ya shinshinar. Karen lahira ba ya buƙatar tsohon takalmi. A ƙarshe aka ga karen, ƙato ne na gaske, bakinsa da idanunsa na ci da wuta, aka harbe shi, aka shafa aka ga haɗin sinadarin fosforas ne aka shafa masa. Mai karen wani maƙwabci ne mai fara'a da ke yawon kama malam-buɗe-littafi, ashe jinin gidan ne, gado yake so. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, to ba zai koya wa yarinya ƙaryata aljanu ba? Na duba wannan da kyau, don ni ma ba zan ba 'yata abin da zai taɓa imaninta ba, aljanu kuwa sura guda Alƙur'ani ya yi da sunansu. Holmes bai ce babu gaibu ba. Abin da ya ce tun farkon bincike shi ne, in abin ya wuce ɗabi'ar duniya to bincikensa bai kai can ba, amma wajibi ne a ƙure duk sauran bayanai kafin a jingina da wancan. Ban ga abin da malamin zaure zai ƙi a nan ba. A karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, sannan a haska tocila a ga ko akuyar maƙwabta ce. Duk wanda ya taɓa haska idon akuya ko na kyanwa da dare ya san yadda halal ɗin dabba ke komawa abin gudu.

Kuma littafin bai raina tsoro ba. Tsohon mai gidan ba cizo ne ya kashe shi ba, ko taɓa shi karen bai yi ba, firgici ne a kan ciwon zuciya. Magajin ma, bayan an kashe karen a gabansa, sai da likita ya yi doguwar tafiya da shi kafin ya dawo daidai. Yaro mai tsoro yana buƙatar ya ji cewa ba shi kaɗai ba ne, manya masu gemu ma jikinsu na rawa.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Babu yaro ko mace mai riƙe da akalar labari. Masu fuskantar abin tsoron manyan maza ne da bindiga a aljihu. 'Yar shekara 15 za ta koyi yadda ake tunani daga wurinsu, amma da wuya ta ga kanta.

Nan ne Coraline ya yi masa fintinkau. Neil Gaiman ya fitar da shi a 2002, an yi fim ɗinsa a 2009. Ƙaramar yarinya ce iyayenta suka koma wani tsohon gida da aka raba sassa. Kowa na kan kwamfutarsa, ba mai lokacinta. Ta sami wata ƙofa da in an buɗe sai a ga bulo, ran nan ta buɗe sai ga lungu, a ƙarshensa ga gida irin nasu sak, da uwa irin tata sak, sai dai abinci ya fi daɗi, kulawa ta fi yawa, idanun matar kuma maɓallai ne baƙaƙe. Sharaɗin zama ɗaya ne: a ɗinka mata maɓallai ita ma. Ta ƙi, ta gudo, ta tarar an ɗauke iyayenta na gaskiya. Ta kira 'yan sanda suka ɗauke ta mai mafarki. Sai ta ɗauki makulli ta koma da ƙafarta.

A hanyar komawar take ba wata baƙar kyanwa labarin ranar da rina suka taso musu ita da babanta. Ya ce ta ruga, shi ya tsaya suna harbinsa har ta yi nisa. A wurin tabaransa ya faɗi, daga baya ya koma ya ɗauko. Shi da kansa ya ce mata tsayuwar farko ba jarumta ba ce, don ba shi da zaɓi, bai ma ji tsoro ba. Komawar ita ce jarumta, domin ya san rinan na nan, yana jin tsoro, ya tafi. Ban san wani wuri a adabin yara da aka bayyana wannan abu a sauƙaƙe haka ba. Kuma littafin yana rufewa da daren jajiberin komawa makaranta, inda yarinyar ta lura fargabar da ta saba ji a irin wannan dare ta tafi. Ga mai shirin makarantar kwana, kamar don ita aka rubuta.

Turancinsa ma ya fi na kowa sauƙi, gajerun jimloli, kalmomi kimanin 30,000, rabin na karen Baskerville mai kusan 60,000.

Amma akwai abubuwa uku da suka sa na dakata. A Coraline abin tsoron gaskiya ne, ba fenti ba. Akwai fatalwar yara uku da aka kulle a bayan madubi, akwai hannun da ya guntule ya biyo ta gida yana ƙwanƙwasa taga, sai da ta yi masa dabara ya faɗa tsohuwar rijiya. Manya da yawa sun fi yara firgita da shi. Ga yarinyar da motsin ɓera ke hana barci, hannu a taga ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai tsofaffin mata biyu da ke duba a ganyen shayi, suka ba ta wani dutse mai huda don kariya, abin da a wurinmu sunansa duba da laya, sai an yi wa yaro bayani. Na ukun kuwa da wuya marubucin ya taɓa tunaninsa. A Turanci ana kiran muguwar matar ɗaya uwar. A gidan Bature wannan baƙon abu ne. A gidajenmu kuwa ɗaya uwar tana nan, ɗakinta na kallon na mahaifiyarka, ita ce da girki jibi. Yaya tana da abokiyar zama, kuma suna zaman lafiya. Ba na son in jefa wa yarinya littafin da mace mai fara'a da abinci mai daɗi ta zama mai satar kurwa, ba tare da na zauna na yi mata magana ba. Wanda gidansu ke da 'yar tsama tsakanin ɗakuna, ya yi tunani sau biyu.

Da na rasa yadda zan raba su, sai na daina tambayar wanne ya fi kyau, na koma tambayar wane irin tsoro yarinyar ke da shi. Akwai tsoron abin da babu shi, wanda duhu da jita-jita ke haifarwa: inuwar zani a igiya, ƙarar kwano in iska ta taso, an ce an ce. Maganin wannan a je a duba, kuma karen Baskerville makarantar dubawa ce. Akwai kuma tsoron abin da yake nan da gaske kuma ba makawa sai an shiga: barin gida, baƙin fuskoki, jarrabawa, jinyar uwa, ruwan da ya taɓa cin gari kamar yadda aka gani a ƙasar Ringim da Haɗejiya a daminar 2022. Wannan tocila ba ta korarsa, sai dai a shiga da tsoron a ciki, kuma wannan shi ne karatun Coraline. Ita 'yar tawa duka biyun gare ta, amma na farkon ne ke hana ta barci yau, na biyun sai an koma makaranta.

Saura zancen samu, wanda a ƙauye shi ke yanke hukunci sau da yawa. Ukun farko sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana sauke su kyauta a shafin Project Gutenberg, kuma rubutu zalla ba ya cin data, bai kai gajeren bidiyo ɗaya ba. Coraline kuwa sai an saya, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Sai dai kyautar nan tana da tarko: cikakken Turancin asali ne, wanda ɗalibin aji uku a makarantar karkara zai yi shafi biyu ya ajiye. Abin nema shi ne bugun da aka sauƙaƙa. A jerin Oxford Bookworms, Dracula na mataki na 2 mai tushen kalmomi 700, Frankenstein na mataki na 3 mai 1,000, karen Baskerville na mataki na 4 mai 1,400. A lura, wanda na ƙi shi ya fi sauƙi, wanda na zaɓa ya fi wuya, don haka kada sauƙi ya ruɗi mai saye. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: a buɗe tsakiya a ba yaro shafi ɗaya, in kalmomin da bai sani ba sun wuce yatsun hannu ɗaya, a sauko mataki. Masu tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano sukan samu, sai dai a duba shafukan ƙarshe kafin a biya. Labarin bincike da aka yage masa ƙarshe ya fi memorin shagon caji illa.

Kuma takarda na fi so a kan waya. Wayar ba tata ba ce, caji kuɗi ne, kuma karatun waya karatun dare ne, mutum shi kaɗai a ƙarƙashin bargo. Littafin takarda ana iya karanta shi da la'asar a gindin darbejiya, a juya wa ƙanne da Hausa, a yi gardamar wa ya saci takalmi. An koma tabarmar kaka ke nan.

Karen Baskerville na saya, sauƙaƙƙen bugu, na kai mata da kaina. Na kafa sharaɗi biyu: ba karatu bayan magariba sai ta wuce rabi, kuma duk babin da ta gama ta ba ƙannenta labarinsa. Bayan kwana tara ta karɓi wayar babarta ta kira ni, ko sallama ba ta ƙarasa ba: "Kawu, tun a wajen takalmin nan na gane kare ne na gaske, wallahi tun kafin su faɗa!" Ban tabbata ba ko tun a wajen ne, amma ban yi mata musu ba.

Yaya ta ce har yanzu in za ta bayan gida da dare sai ta tashi ƙanin nata. Abin da ya canza, da shi take turawa gaba, yanzu ita ke gaba da tocila, yana biye yana mita. Coraline kuma na ba wani direba saƙo ya nemo mini a Kano kafin a koma makaranta, zan fara zama da ita da babarta a kan zancen ɗaya uwar. Ya ce ranar Lahadi zai taho da shi, in ya zo cin kasuwar Gujungu.